Shafin Baya: Ko Laifi Ne Ɗalibi Ya Leƙa Amsa?

Idan watan Mayu ya kama a Tasawa da Mayahi, rana na dukan ƙasa, manoma sun gama sharar gona suna duban gabas, akwai wasu da su ma ke cikin nasu jiran, su ne ɗaliban ajin ƙarshe na lise, wanda ake kira tarminal. Da la'asar sakaliya akan gan su sun koma azuzuwan da aka watse, uku-uku ko biyar-biyar, ɗaya na tsaye gaban allo da alli a hannu, sauran na zaune. Da dare kuma wasu sukan nemi gindin fitilar titi, ko su kunna ƴar tocila a zaure. Abin da ya tara su guda ne, wato littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wanda suke kira annal, ko kuwa takardun da aka yi ta ɗaukar hotonsu har tawadar ta koɗe. Littafin nan kashi biyu ne. A gaba tambayoyi, a baya amsoshinsu a warware, mataki-mataki, abin da ɗalibai ke ce wa korije.

Tsakanin kashi biyun nan ne wata ƙaramar tambaya ta tarbiyya ke zaune, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba don ana ganin ba ta kai ta kawo ba. Ɗalibi ya karanta tambayar lissafi, ya fara, ya yi layi uku, abu ya cije. Ya goge, ya sake, ya sake cijewa. Minti goma sun wuce, yatsansa na kan shafin baya. Idan ya buɗe, ya yi laifi ne? Babu dokar makaranta da ta hana. Bai saci abin kowa ba, littafin nasa ne, ko aro ya yi da yardar mai shi, kuma don a karanta amsar aka buga ta. Duk da haka malaman lissafi da suka daɗe a aji sukan ɓata rai in sun ga hannun yaro ya yi saurin zuwa shafin baya, kamar sun ga ɓarna na faruwa a gabansu. Ya kamata a bincika ko ɓacin ransu na da hujja, ko kuwa tsaurin tsofaffi ne kawai.

Da farko sai a san nauyin da ke kan yaron. Bakaloreya, wadda kowa ke gajartawa ya ce bak, gadon tsarin Faransa ce. Napoliyon ne ya kafa ta a 1808, aka mai da ita matakin farko na karatun jami'a, shi ya sa a Nijar ita ce ke rufe ƙofar lise, ita ce kuma ke buɗe ta jami'a. Wanda ya sami matsakaicin maki 10 cikin 20 ya haye, ya nufi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko wata daga cikin na sauran jihohi. Ga ƴan rukunin C da D, lissafi na cikin darussan da makinsu ya fi nauyi, wanda ya faɗi warwas a cikinsa da wuya sauran darussa su ɗaga shi. Ƙofar kuma ba ta da faɗi: a 2021, 2022 da 2023 waɗanda suka ci bak a duk faɗin ƙasar ba su kai ɗaya cikin uku ba. Yaron da ya fito daga Korgom ko Urafan, ko daga Kanambakashe ko Gidan Amumun, ya shekara 13 a makaranta in bai taɓa maimaita aji ba. An bar shi ya zauna birni gidan mai masauki, ana aiko masa da tiyar hatsi daga rumbun da bai cika ba, an kuma haƙura da hannunsa a gona, domin galibi cikin watan Yuli ake jarrabawar, daidai lokacin shuka da noman farko. Wanda ke ɗauke da irin wannan kaya, ba mamaki in ya ga kowane minti da ya ɓata gaban tambayar da ta ƙi warwaruwa asara ce.

Maguɗin jarrabawa hukuncinsa a fili yake. Wanda ya shiga ɗaki da takarda a ɓoye, ko ya sayi tambaya kafin ranarta, ya cuci waɗanda suka yi gumi, ya kuma karɓi shaidar da ba ta gaskiya ba. Malamin addini da malamin boko bakinsu ɗaya a nan. Leƙen korije a zaure wani abu ne dabam, domin babu wani na biyu da aka yi wa ƙarya. Sai dai akwai ƙaryar da ba ta buƙatar mutum na biyu, kuma lissafi ya fi kowane darasi saurin haifar da ita. Amsar da aka warware da kyau tana da santsi. Layi na biyu ya fito daga na farko, na uku ya fito daga na biyu, ido na bi, kai na gyaɗawa, har a kai ƙarshe mutum ya ce a ransa: ashe abin da sauƙi, na gane. Gaskiya ne ya gane kowane mataki da aka nuna masa. Abin da bai sani ba shi ne ko zai iya samo matakin da kansa in farar takarda ce gabansa. Jin an gane da iyawa sun yi kama ƙwarai daga ciki, har mai su ba ya iya rarrabe su sai ya gwada.

Masu binciken yadda ɗan Adam ke koyo sun auna wannan ruɗi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a ta Amurka, sun ba ɗalibai rubutu su koya; wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka sa su rufe takarda su rubuto abin da suka tuna. Masu maimaita karatun sun fi sakankancewa za su tuna, amma da aka gwada su bayan mako guda, ƴan rufe takardar ne suka yi rinjaye. Ba a kan lissafi aka yi gwajin ba, amma duk malamin tarminal ya san fuskar yaron da ya fito daga jarrabawa yana rantsuwa cewa jiya-jiya ya ga irin tambayar nan, sai kawai ta ɓace masa.

Misali ɗaya zai fi dogon bayani. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, suna ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara. Gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura rabin miliyan a lokacin. A ce an tambayi ɗalibi: in ƙaruwar ta ɗore haka, shekara nawa za a yi kafin jama'a ta ninka? Tambaya ce da ta dace da darasin jerin lambobi masu ninkuwa da na logaritim, waɗanda ake koyarwa a lise. Yaron da ya tsaya ya yi tunani da kansa, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya raba 100 da 3,9, ya sami wajen shekara 26. Lissafin ya yi kama da na hankali, amma kuskure ne. Idan ya yi haƙuri ya gwada shekara biyu ko uku da hannu, zai lura cewa ƙarin shekara ta biyu ya ɗara na ta farko, domin waɗanda suka ƙaru bara su ma suna cikin waɗanda ake lissafa ƙarin bana a kansu. Daga mutum 1000 an koma 1039, daga nan ƙarin ya zama 40 da ɗoriya. Ashe kowace shekara ninkawa ake yi da 1,039. Sai tambayar ta juye ta zama: sau nawa za a ninka 1,039 a kansa kafin a kai 2? A nan ne logaritim, wanda da yake ganin kamar azaba ce malamai suka ƙirƙiro, ya zama makami a hannunsa, ya ba shi shekara 18 da ɗan ɗori.

Wanda ya buɗe shafin baya tun farko shi ma zai ga 18, cikin minti biyu, ba gumi. Amma bai taɓa faɗawa ramin 26 ba, don haka bai san akwai rami a wurin ba. Abin da ya shige kansa shi ne siffar amsar: a rubuta kaza, a ɗauki logaritim, a raba. Ranar da aka sake wa tambayar riga, aka ce rijiya ce ruwanta ke raguwa da kaso kaza, ko garke ne ke yaɗuwa, sai ya tsaya yana laluben shafin da ya taɓa gani. Na farkon kuwa, kuskurensa ya koya masa abin da ya wuce jarrabawa. Ya fara gane dalilin da ya sa gonar da ta ciyar da gidan kakansa ta kasa ciyar da jikoki, da dalilin da ya sa ajin da aka gina jiya ya cika ya batse yau. Tazarar shekara 8 da ke tsakanin 26 da 18 ita ce darasin, kuma ba a rubuta ta a korije, domin korije miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake nunawa, ba ya nuna inda aka ɓata kafin a same ta.

Wannan magana tsohuwa ce, malaman falsafa na tarminal sun san ta. A cikin tattaunawar Menon, Aflatun, wanda littattafan lise ke kira Platon, ya kawo labarin Sokrat da wani yaro bawa da bai taɓa koyon lissafi ba. Sokrat ya zana murabba'i mai ƙafa biyu kowane gefe, filin cikinsa huɗu ke nan, ya nemi yaron ya faɗi tsawon gefen murabba'in da zai ninka shi, mai fili takwas. Yaron ya amsa gaba gaɗi cewa a ninka gefen, a mai da shi huɗu. Aka zana, sai ga sha shida. Ya ce to uku. Aka zana, sai ga tara. Nan ya tsaya ya amsa cewa bai sani ba. Sokrat ya nuna wa ubangidan yaron cewa tsayawar nan ci gaba ce, domin da yana zaton ya sani alhali bai sani ba, yanzu kuwa ya san bai sani ba, zai nema. Sai bayan haka aka ja hankalinsa zuwa layin da ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa. Da an so, da an nuna masa layin tun farko, magana ta ƙare cikin ƙiftawar ido. Da gangan aka bar shi ya yi kuskure biyu.

Can wajen ƙarshen tattaunawar an bambanta zato mai daidai da sani, da misalin hanyar zuwa birnin Larisa. A mai da misalin gida: mutum biyu na iya nuna wa baƙo hanyar Mayahi daga Tasawa, ɗaya ya sha bin ta, ɗaya kwatance aka yi masa ya riƙe. Muddin hanya na nan yadda aka kwatanta, dukkansu za su kai baƙon. Amma ranar da ruwan damina ya yanke hanya a wani kwari, aka ce a zagaya, mai kwatance ya tsaya ke nan. A ganin Aflatun zato mai daidai ba ya zama, guduwa yake daga kan mutum sai in an ɗaure shi da sanin dalili. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Masu kare leƙe suna da hujjojinsu, kuma ba na yarwa ba ne. Sukan ce babu wanda ya taɓa koyon sana'a ba tare da kallon hannun gwani ba. Ɗan maƙeri yakan daɗe yana zuga yana kallo kafin a ba shi masaba, ba a ce masa ya ƙirƙiro ƙira daga kansa. Bincike ma ya goyi bayansu: a 1985 John Sweller da Graham Cooper sun nuna a Ostareliya cewa sabon shiga a aljabara ya fi saurin koyo in an ba shi misalai warwararru ya nazarta, fiye da a jefa shi cikin tambayoyi ya yi ta lalube. Ga yaron da bai taɓa ganin yadda ake kama irin tambayar ba, zama gaban farar takarda ba ya haifar da komai sai ƙin lissafi. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna cewa amfanin misali warwararre na raguwa yayin da ɗalibi ke ƙwarewa, har a kai inda warwarewa da kai ta fi. Ɗan maƙerin ma, ranar da aka miƙa masa masaba ce ake sanin abin da kallonsa ya haifar.

Wasu kuma sukan ce ƙasar nan ƙasar hadda ce, da ita aka tsare ilimi tun kafin boko ya zo, don me za a raina ta a lissafi? Mai wannan magana bai yi wa makarantar allo adalci ba. Almajiri yakan wanke allonsa ya kawo karatu da ka, kuma ba a ɗaukar mutum cikakken alaramma sai ya iya rubuta Alƙur'ani ba tare da duba littafi ba. Tsangaya ta riga boko sanin cewa rufe littafi ne ke tona abin da ke cikin kai. Bayan haka, nassi amana ce da ake tsarewa kada wasali guda ya canja, tambayar lissafi kuwa canjawa ce al'adarta. Malaman rabon gado sun fi kowa sanin haka. Sun haddace kason kowane magaji, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, amma kowace mutuwa da nata magada take zuwa. Mace ta rasu ba ɗa ba mahaifa, ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji na da rabi, su biyun na da sulusi biyu, in an haɗa sai a sami kashi bakwai cikin shida, dukiya ta kasa. Wanda haddar kaso kawai ya yi, nan zai tsaya. Wanda ya san ƙa'idar auli zai raba dukiyar gida bakwai, miji uku, su huɗu. Ba banza ba ne littafin al-Khawarizmi, wanda aka rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda kuma daga sunansa kalmar aljabara ta fito, ya ba da babban kashi ga matsalolin wasiyya da gado. Ko a ƙasar Katsina, wadda tarihin Tasawa ke sarƙe da nata, an yi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya rubuta a kan hatimin lambobi ƙa'idojin gina shi ne, ta yadda mai karatu zai iya gina wanda bai taɓa gani ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci da ƙurewar lokaci. Akwai shekarun da yajin aiki ke cinye makonni, akwai azuzuwan da malamin lissafi ba ya isowa sai shekara ta yi nisa, akwai inda littafin CIAM guda ke zagaya hannun yara da yawa. A irin wannan hali korije shi ne malamin da ya rage, kuma wanda ya ce wa yaro ya zauna sa'a guda kan tambaya ɗaya alhali rabin tsarin karatun shekara na gabansa bai taɓa ba, kamar mai ce wa mayunwaci ne ya tauna a hankali. Wannan gaskiya ce, kuma tana ɗauke babban kaso na laifin daga kan yaro ta ɗora shi kan manya. Amma tana da wata fuska mai ɗaci. Ɗan mai hali na da malamin gida da ake biya, wanda zai sa shi gaban allo ya tona ruɗinsa tun da wuri. In ya faɗi bana, a mai da shi makarantar kuɗi baɗi. Ɗan talaka ba shi da mai tona masa sai kansa, kuma rumbun gidansu ba lalle ne ya ɗauki shekara ta biyu ba. Shi ne wanda yaudarar kai ta fi yi wa tsada. Tsakanin wanda ya karanta korije ɗari ya shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwar da ba shi da tushe, da wanda ya warware talatin da hannunsa ya san tambayar da zai fara da ita da wadda zai bari, na biyun ya fi kusa da maki 10.

Saboda haka hukuncin yana kan abin da ɗalibi ya rubuta a littafin zuciyarsa bayan ya buɗe shafin. Amsar da aka leƙa bashi ce. Cin bashi ba abin kunya ba ne, manomi na ci, ɗan kasuwa na ci. Ɓarna tana farawa ne ranar da mai bashi ya lissafa kuɗin mutane cikin jarinsa. Ɗalibin da ya karanta warwara, ya sa alama a gefen tambayar cewa ya gama da ita, ya haɗa ta da waɗanda ya yi da guminsa, shi ne ya yi haka. Biyan bashin kuwa sananne ne: a rufe littafin, a kwana, washegari a ɗauki farar takarda a sake tambayar daga farko, in ta fito, a canja lambobin a sake. In an mai da 3,9 ta zama 3, amsar ta koma kusan shekara 23 da rabi, kuma wanda ya iya faɗin dalilin da ya sa ba 33 ba ce, ya biya.

Leƙen kansa yana da ladabi. Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce minti nawa za a jure kafin a duba, agogo kuwa ba shi da amsarta. Harshe ya fi shi zama ma'auni. Muddin abin da yaro ke iya cewa shi ne bai gane komai ba, lokacin dubawa bai yi ba, wurin komawarsa darasi ne da misalan cikinsa. Sa'ad da ya iya cewa ga abin da aka ba ni, ga abin da ake nema, ga inda na kawo, abin da ya gagare ni shi ne sauko da harafin nan daga saman lamba, to ya cancanci ya duba, kuma layi guda zai duba, ya rufe sauran da tafin hannu.

Akwai wani gwajin da ya fi waɗannan tsanani. Yaron Tasawa da Faransanci yake karanta tambaya, da Faransanci yake rubuta amsa, amma da Hausa yake tunani in abu ya yi wuya. Jimlolin korije na iya zama a bakinsa kamar waƙar da bai san ma'anarta ba. A ce masa ya bayyana wa mahaifiyarsa, da Hausa, dalilin da ya sa 18 ce ba 26 ba. Matar nan ba baƙuwar lissafi ba ce: a kasuwa da dala take ƙirga kuɗi, ta san dala ashirin ita ce sefa 100, jaka guda dala 200, tana fitar da riba da canji ba alli ba allo. In ya iya sa ta gyaɗa kai, da misalin akuya da ƴaƴanta da jikokinta, ya mallaki abin. In ya rasa kalma sai ya koma Faransanci, to aro ne har yanzu.

A Tasawa aka haifi mutumin da ya daɗe da jan hankali ga wannan. Abdu Mumuni Diyofo ya zo duniya a garin a 1929, ya ci gasar agregasiyo ta kimiyyar fizik a Faransa a 1956, wadda ke cikin jarrabawa mafi wuya a tsarin, don haka babu mai cewa bai san zafin tambayoyin gwaji ba. Amma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya soki makarantar mulkin mallaka da ta raba yaro da harshensa da rayuwar gidansu, ya nemi a koyar da harsunan ƙasa. Daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin rana, ONERSOL, inda tambayoyin da ke gabansa, irin su yadda za a dafa abinci ko a ɗumama ruwa da zafin rana, ba su da shafin baya. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa, amma annal ɗin da ɗalibin tarminal ya gada da Faransanci aka rubuta shi, fassarar kuwa a kansa take.

Manya ba su fita ba. Yaro ba ya gudun kuskure haka kawai, koya masa aka yi. Ajin da ake yi wa mai kuskure dariya, ko a ɗaga takardarsa don a kunyata shi, aji ne da ke tura yara shafin baya, domin can ne kaɗai ba a jin kunya. Malamin da ke cika allo da warwara mai tsabta, bai taɓa bari ɗalibai su ga shi ma ya cije ya goge ba, yana koya musu cewa gwani ba ya ɓata, saboda haka wanda ya ɓata ya san matsayinsa. Masu tsara jarrabawa su ma, in suka riƙa maimaita siffa ɗaya shekara da shekaru, sun ba mai hadda lada, ba su da bakin zarginsa. Ko taron nazarin yamma, wanda ake yabo, yana iya zama korije mai ƙafafu: haziƙi guda na rubutu, huɗu na kwafa, kowa ya koma gida da jin ya yi aiki. Gyaransa ƙarami ne, a ba wanda ya fi rauni allin, haziƙin ya zauna ya yi tambaya kawai, irin zaman Sokrat. (A tuna kuma da ƴan mata, waɗanda aikin gida da tsare mutunci ke hana da yawansu fitar dare, su korije ne abokin nazarinsu, sai in ƙungiyoyin iyaye sun nema musu wuri da rana.)

Wayar hannu ta ƙara wa matsalar sauri. Photomath, da ake ɗaukar hoton tambaya ta fito da warwara, ta bayyana a 2014, ChatGPT kuma a ƙarshen 2022. Shafin baya na da yana da iyaka, tambayoyin cikin littafi kaɗai ya amsa, malami na iya ƙirƙiro sabuwa. Ga mai waya da kuɗin intanet iyakar nan ta kau, kuma na'ura kan yi kuskure da murya mai cike da tabbaci, wanda bai iya ba ba zai gane ba. Zama da tambaya, wanda da rashin littafi ke tilasta wa yaro, ya zama abin da sai ya zaɓa da kansa.

Ƙungiyoyin malamai na iya yin abin da ba ya cin kuɗi: su tattara tambayoyi daga rayuwar Gulbin Kaba da kasuwannin Tasawa, su rubuta su da harsuna biyu, su bar amsar a hannun malami har mako ya zagayo. Ga irinsu. Magidanci ya ci bashin buhun hatsi guda a farkon damina, da sharaɗin ya biya buhu ɗaya da rabi da kaka. Damina ta yi gardama, bai biya ba, aka juya bashin bisa sharaɗin nan, haka har shekara uku. Mai tarawa zai ce buhu biyu da rabi ake binsa. Mai ninkawa zai ninka 1,5 sau uku ya sami 3,375, wato buhu uku da ɗoriya, kuma a shekara ta shida bashin ya haura buhu 11. Yaron da ya kwana da wannan tambaya, ya yi kuskuren farko ya gyara da kansa, mai yiwuwa ne ya san gidan da abin ya faru, ya kuma san gonar da aka sayar a ƙarshensa.